Littafin da Ya Fara Tuhumar Waɗanda Suka Ɗauko Shi

Duk wanda ya tashi a Gaya ya san cewa a garin iyaka ana yanke wa mutum hukunci tun bai buɗe baki ba. Direban kamiyo ya taso daga Kwatanu, ya tsallako gadar Malanbil, bai ko sauko ba an riga an san halinsa. Ɗan kasuwa ya shigo daga Kamba, an ce to, kowa ya riƙe aljihunsa. Dandawa na da abin da suke faɗi a kan Hausawa, Hausawa na da nasu a kan Zabarmawa, su duka kuma sun haɗu a kan Fulani. "Ai mun san su, mi za a gaya muna?" in ji kowa. Magabata sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma mun fi son faɗin karin maganar bisa ga aiki da ita.

Wannan hali ba a kasuwa da tasha kaɗai ya tsaya ba, yana bin mu har gaban littafi. Mu Kirista muna cewa Littafi Mai Tsarki ne jagoranmu, amma sau da yawa mukan buɗe shi bayan mun gama yanke shawara, muna neman ayar da za ta sa mana hannu kawai. Masana nassi sun raba karatu biyu: akwai ciro ma'ana daga cikin nassi, akwai kuma cusa masa ma'anar da ka zo da ita daga gida. Ƴan uwanmu Musulmi sun san wannan gargaɗi daga zauren tafsiri, inda malamai ke tsoratarwa a kan fassara aya da son rai. Abin da nake so mu duba, ƴan uwa ɗalibai, shi ne tarihin yadda wannan littafi ya shigo harshen Hausa. Tarihin ya nuna cewa kafin littafin ya gyara kowa a ƙasarmu, sai da ya fara kama waɗanda suka ɗauko shi da laifin zato. Wasu sun saurara sun sake tunani, wasu sun toshe kunne, kuma har yau ana ganin sakamakon kowane.

La'anar da ba a rubuta ba

Mu fara daga nesa, don misalin da ya fi kowane muni yana can. A Farawa sura 9 akwai labarin Nuhu da ƴaƴansa uku, Shem, Ham da Yafet. Ham ya ga tsiraicin mahaifinsa, Nuhu ya farka ya yi la'ana. Shekaru ɗaruruwa masu cinikin bayi a Turai da Amurka suna cewa wannan la'ana a kan baƙar fata ta sauka, don haka bautar da mu cika nufin Allah ne. An faɗe ta a kan mumbari, an buga ta a littattafai. To, ɗauki surar ka karanta da idonka. Wanda aka ambata da la'ana Kan'ana ne, ɗaya daga cikin ƴaƴan Ham huɗu. Kush, wanda ake danganta mutanen kudancin Masar da shi, ba a taɓa shi ba. Launin fata kuwa ko sau ɗaya bai fito a surar ba. Waɗanda suka gan shi a can, da shi suka shigo. Gonakin rake da auduga ne suka koya musu wannan tafsiri.

Tatsuniyar ta yi yawo har kasuwannin bayi na Sahara. Wajen 1615 malamin Tumbuktu, Ahmad Baba, da yake amsa tambayoyi a kan bauta, ya ƙi yarda cewa baƙin fata ko zama zuriyar Ham hujja ce ta bautar da mutum. Ka ga ke nan a yankinmu ma an yi masu karatu da ido buɗe.

Da masu bayi suka ga littafin ba ya tsayawa inda suke so, sai suka sa masa almakashi. A 1807 aka buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a Landan don bayin tsibiran Karibiyan da ke hannun Ingila. An bar labarin Yusufu yana bauta a gidan Fotifar, an bar wuraren da ke maganar biyayya ga iyayengiji. An cire labarin Musa yana fitar da bayi daga Masar, an cire wurin da Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa bawa da ɗa ɗaya suke cikin Almasihu. Wannan almakashi shaida ce a kansu. Sun san sarai abin da littafin zai yi wa tunanin bawa in ya karanta shi duka.

Yaron Damagaram

Yanzu mu dawo bakin kogin da ke wucewa ta ƙofarmu. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa su haura Kwara daga teku. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, tafiyar ta watse. Amma a cikin jirgin akwai mutum biyu na ƙungiyar mishan ta CMS da za su bar suna: Bajamushe James Schön, da wani matashi Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther. Schön ya dawo da tabbacin cewa Hausa ce mabuɗin ƙasashen da ke cikin nahiya. Ya zauna gaban Hausawan da aka ƴanto daga jiragen bayi a Saliyo yana rubuta kalmomi, har ya buga ɗan ƙaramin littafin kalmomin Hausa a 1843.

Babban malaminsa kuwa yaro ne, Dorugu, haifaffen yankin Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har Kukawa ta Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ɗauke shi tare da wani yaro, Abbega. A 1853 suka bi ta Sakkwato da Gwandu, suka ratsa kwarin Foga, nan kusa da mu, inda Barth ya tsaya ya bayyana yadda ake dafa gishiri, suka isa Sayi a watan Yuni, suka haye zuwa Tumbuktu. A 1855 Barth ya kai yaran Landan, daga baya suka zauna gidan Schön.

Ka tsaya ka dubi wannan zama. A zamanin da masana da yawa a Turai ke ɗaukar harsunanmu a matsayin gwaranci, ga dattijo mai karatu zaune da alƙalami yana tambayar yaron da ya taɓa zama bawa: yaya ake faɗin wannan? Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Daga bakin Dorugu da irinsa aka samu Hausar da aka buga Bisharar Matiyu da ita a 1857, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari cikakke a 1880. Labarin rayuwar Dorugu, yadda ya faɗe shi da bakinsa, yana cikin Magana Hausa da aka buga a 1885. Ya dawo Afirka, ya yi tafinta, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Fassara tana da wannan sharaɗi: duk girman rawaninka, sai ka durƙusa gaban mai harshe.

Dattijon da aka kunyata

Crowther shi ma tsohon bawa ne. An kama shi a garinsu Osogun yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya ceto shi a teku a 1822. A ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishof a Kantabari, baƙar fata na farko da ya samu wannan matsayi a ikilisiyar Angilika. Shi ya jagoranci aikin mishan a bakin Kwara, daga Onica zuwa Lakwaja, da ma'aikata kusan duk ƴan Afirka.

Yadda ya yi hulɗa da Musulmi abin koyi ne. Ya yi zumunci da Sarkin Bida Masaba. A 1872 ya biyo ta Ilori, aka kira shi fada, aka yi masa tambayoyi masu wuya a kan Yesu a gaban malamai. Bai shiga gardama da zagi ba. Kowace tambaya, sai a buɗe littafin a karanta wurin da ya dace, a bar masu sauraro su auna da kansu. Dattijon ya yarda cewa nassin zai iya tsayuwa da ƙafarsa ba sai an ɗora masa fushi ba.

Sai ga 1890. Wasu samarin Ingila suka iso Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa, a gabansu Graham Wilmot Brooke, mai shekara 25, da John Alfred Robinson. Masu himma ne, sun sa riga da rawani, sun koyi Hausa, ba sa tsoron mutuwa. Amma sun zo da hukunci a aljihu: baƙar fata ba zai iya riƙe ikilisiya da tsarki ba. Gaskiya ne akwai ma'aikatan da ke da laifi na gaske a mishan ɗin. Sai dai samarin ba su tsaya rarrabe mai laifi da marar laifi ba. A taron Onica na watan Agusta 1890 suka dakatar da fastoci baƙaƙe a gaban bishof ɗinsu, har da ɗansa Dandeson. Dattijo mai kimanin shekara 80 ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ya kwanta ciwo, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Aka maye gurbinsa da Bature, kuma sai bayan shekara kusan 60 aka sake ba ɗan ƙasa riƙon dayosis a Najeriya.

Abin mamaki, waɗannan samari sun haddace littafin. Sun san Ayyukan Manzanni sura 10, inda Bitrus, wanda ya tashi yana ƙyamar shiga gidan wanda ba Bayahude ba, ya shiga gidan Karniliyas sojan Roma, ya furta da bakinsa cewa Allah ba ya zaɓen fuska. Sun san wasiƙar Yakubu sura 2 da ke hana fifita wani bisa wani a majami'a. Haddar tana kai, amma zaton yana zuciya, kuma zaton ne ya yi rinjaye. Robinson ya mutu a 1891, Brooke a 1892, ba su taka Kano ba. Sai a 2014, a bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, shugaban Angilika Justin Welby ya tsaya a Kantabari ya bayyana tuba a kan abin da aka yi wa dattijon.

Kano ta ba su amsa

A 1900 Bishof Herbert Tugwell ya jagoranci ƙaramar tawaga zuwa Kano, cikinsu har da likita Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya. Su ma da nasu zaton. A lokacin an yarda a Ingila cewa Musuluncin Bahaushe fenti ne kawai, Fulani ne suka shafa masa da takobi, da zarar ya ji bishara zai wanke shi. Sarkin Kano Aliyu ya karɓe su a fada ya umarce su su fice daga garin. Suka koma Girku, ɗaya daga cikinsu ya mutu a can. Gani ya kori ji.

Miller ya dage, ya zauna birnin Zariya daga 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Aikin fassara ne ya nuna masa zurfin abin da ya ɗauka fenti. Wace kalma za a sa wa Mahalicci? Allah. Sauran fa? Annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, addu'a, alkawari, Attaura, Zabura, Linjila. Duk kalmomin da ake bukata don faɗin saƙon, malaman zaure sun riga sun shuka su a harshen tun ƙarnoni. Ba yadda za a yi Littafi Mai Tsarki ya yi magana da Hausa ba tare da ya ari tabarmar malam ba. Da haka aka buga shi cikakke a 1932. Juyin 1932 ya ce Yesu Kristi, sabon juyi na 1979 ya ce Yesu Almasihu, laƙabin da kunnen Bahaushe ya riga ya sani. Kowane juyi sabon zama ne na sauraro.

Kuma mutanen da suka fi ƙarfafa aikin Miller ba wa'azinsa ya kawo su ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim wanda nazarinsa ya tsaya a kan matsayin Annabi Isa. An kashe shi a Kano, almajiransa, da ake kira Isawa, suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller da ƙafarsu suna tambaya. Suka kafa ƙauye a Gimi, wanda ciwon barci ya cinye cikin ƴan shekaru. Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Bature ya zo yana zaton shi zai koya wa mutane tambaya, ya tarar sun riga shi.

Wannan gefen iyaka

A Nijar, mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi, ya buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika sun zauna Yamai daga 1931. Faransawa ba su saki jiki da ƴan SIM ba, don masu jin Ingilishi ne, daga Najeriya kuma suka ɓullo. Littafin da suka yi aiki da shi shi ne juyin Hausa, don haka Kirista na farko a Gobir da Katsinar Maraɗi da Hausa suka ji Linjila, ba da Faransanci ba.

Su ma ƴan SIM suna da nasu zaton. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 a kan Kiristan Maraɗi, ta nuna yadda mishan ɗin ya daɗe yana ɗari-ɗari da ilimin lakwal mai zurfi, yana ganin in mai bi ya iya karanta nassi da Hausa ya isa, sauran karatu ƙofar son duniya ne. Masu bi ƴan ƙasa ba su yarda ba. Ai littafin da aka ba su cike yake da masu ilimi: Musa ya yi karatun fadar Masar, Daniyel ya koyi harshen Babila da rubutunta, Luka likita ne, Bulus ɗalibin Gamaliyel ne. Suka nemi lakwal wa ƴaƴansu, suka nemi riƙe al'amuransu da kansu, har aka kafa ikilisiyar EERN a farkon shekarun ƴancin kai. In ka ba mutum littafi a harshen uwarsa, ka ba shi sandar da zai auna ka da ita.

Akwai kuma zaton da ya fi kowane yawo a garinmu, a bakin Musulmi da Kirista duka: wai Kiristanci addinin Nasara ne, ko na mutanen kudu, ƴan Binin da Togo da Inyamurai. Wasu Kirista sun haɗiye wannan har suna ganin sai ka sa kwat, ka ɗauki sunan Faransanci, sannan ka cika mai bi. Littafin kansa ya ƙaryata wannan. Masar ce ta ɓoye Yesu yana jariri. Saminu da ya ɗauki gicciye mutumin Kurane ne, a Libiya ta yau. Ayyukan Manzanni sura 8 ta nuna ma'ajin sarauniya Kandake, daga masarautar Merowe a Sudan ta yau, yana karatun Ishaya a cikin karusarsa, ya kuma yi baftisma kafin Bulus ya taka Turai. Sarki Ezana na Aksum a Habasha ya karɓi Kiristanci a ƙarni na 4, sama da shekara 200 kafin a tura mishan daga Roma zuwa Kantabari a 597. Agustin, babban malamin ikilisiya, ɗan Aljeriya ta yau ne. Byang Kato, mutumin Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya rasu a 1975, ya yi ta nanata cewa Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan bangaskiya.

Ranar gwaji

Ba a sanin wanda ya rinjaya tsakanin nassi da zato sai ranar wuya. A 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo a Faransa, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, ƴan sanda suka ce an ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai. Zato ne ya riƙe ashana: an ɗauka Kiristan Nijar da Faransa abu ɗaya ne, alhali waɗanda aka ƙona wa wuri maƙwabta ne da ba su taɓa ganin jaridar ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya fito ya yi tir da abin.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bayan irin wannan rana, zaton da ke jiran Kirista a bakin ƙofa shi ne: duk ɗaya suke. Nan ne littafin ke tsayawa a gabanka. Luka sura 10 ta ba da misalin mutumin da ƴan fashi suka jikkata. Firist ya wuce, Balawe ya wuce, wanda ya tsaya Basamariye ne, ɗan ƙabilar da masu sauraron Yesu suka fi raina addininsu. Yesu da gangan ya zaɓi gwarzon labarin daga cikin waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci. A waɗancan kwana biyu ma, akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu, kuma shugabannin ikilisiyoyi sun fito sun yi kira ga gafara maimakon ramuwa. Bisa ƙidayar 2012 ba mu kai kashi 1 cikin 100 na ƴan ƙasa ba. Jama'a kaɗan irin wannan in ta bar tsoro ya zama mai yi mata tafsiri, za ta kulle kanta a ɗaki, ta manta cewa an umarce ta ta ƙaunaci ko maƙiyi, balle maƙwabci.

Mu kuma fa?

Yau ba mai sa wa littafin almakashi a Landan, da kanmu muke yanka shi. Aya ɗaya a WhatsApp, aya ɗaya a bayan kabu-kabu, aya ɗaya a bangon kaye ana gobe jarabawar BEPC ko BAC. Masu wa'azin arziki daga ƙetaren iyakoki biyu suna cika wayoyinmu da irin waɗannan gutsattsari. Ku sani cewa marubutan littafin ba su sa masa lambobi ba. Stephen Langton ne ya raba shi sura-sura a farkon ƙarni na 13, Robert Estienne kuma ya sa wa Sabon Alkawari lambobin aya a 1551. An yi su don sauƙin nema, mu kuma muka mai da su ƙwayoyin magani, kowa ya ɓalli wadda yake so.

Ɗauki biyu da ɗalibai suka fi so. Filibiyawa 4:13, wadda ake ɗauka alkawarin cin jarabawa ko samun biza, Bulus ya rubuta ta yana tsare, kuma ayoyin da ke gabanta suna maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ƙarfin da yake nufi ya haɗa da ƙarfin jure faɗuwa. Irmiya 29:11, wadda ake ɗauka albishir na gaggawa, tana cikin wasiƙa zuwa ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila, kuma wasiƙar ta ce musu sai bayan shekara 70 za a koma. Kafin nan an ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi alherin garin da suke, su yi masa addu'a. Mu ba baƙi ba ne a Gaya, nan aka binne cibiyarmu, to ina ga mu? Ka ga ma'anar ta fi wadda muka zo da ita nauyi, ta kuma fi ta amfani ranar da sakamako ya fito ba sunanka.

Abin yi ba mai wuya ba ne, haƙuri yake so. Karanta wasiƙa ɗaya daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, Filibiyawa sura huɗu ce kacal, ba ta kai lokacin dafa shayi ba. Tambayi kanka: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ke faruwa da su? Mu ƴan iyaka muna da gatan da Schön bai samu ba, don yawancinmu na jin harshe uku ko huɗu. Ajiye juyin Hausa kusa da na Faransanci da na Zabarmanci, inda suka sha bamban ka tsaya ka yi tunani. Kafin ka buɗe, rubuta abin da kake tsammanin wurin zai ce, in ka gama ka gwada. Ayar da ta dame ka kuwa, kada ka tsallake ta, sau da yawa ita ce ta gano inda zatonka yake kwance. Ku yi karatun ku biyu ko uku, mace da namiji, Badande da Bahaushe da ɗan kudu, don abin da idonka ya saba tsallakewa, idon wani zai kama shi.

A Romawa sura 12 Bulus ya roƙi masu bi kada su bar zamani ya zuba su a kwaminsa, su bar tunaninsu ya sabunta. Mutanen Biriya kuwa, a Ayyukan Manzanni sura 17, an yabe su don ko Bulus da kansa ya yi wa'azi, sai sun koma sun bincika nassi kowace rana su ga ko haka ne. Brooke ya fi mu himma, Miller ya fi mu juriya, duk da haka zato ya shiga tsakaninsu da shafin da ke gabansu. Alamar da za ka gane halin da kake ciki mai sauƙi ce. In shekara ta zagayo littafin bai taɓa saɓa maka ba a kan kuɗi, ko ƙabila, ko mata, ko maƙwabcinka Musulmi, in kullum ra'ayinka yake maimaita maka, to ka binciki wanda ke magana a wannan karatu. Mai yiwuwa muryarka ce kake ji.